Sabuwar hanta a tsohon jiki: nazarin lamarin majinyata 44 masu ƙiba a asibitin Mayo

A shekarar 2006 sashen dashen hanta na asibitin Mayo da ke garin Rochester, a jihar Minnesota ta Amurka, ya gindaya wa majinyatansa masu ƙiba sharaɗi. Duk wanda hantarsa ta lalace har ta kai ga dashe, kuma ma'aunin BMI ɗinsa, wato awon ƙiba da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, ya haura 35, sai ya shiga shirin rage nauyi tun yana jiran layi. Ga mutum mai tsawon mita 1.70, ana maganar nauyin da ya wuce kilo 101 ke nan. Aka haɗa su da masana abinci, aka ƙayyade musu abin da za su ci, aka sa su motsa jiki gwargwadon ƙarfin da ciwo ya bar musu.

Likitocin suna da hujjarsu. Buɗe cikin mai teɓa aiki ne mai wuya, rauninsa yakan daɗe bai warke ba, yakan kuma ruɓa. Sannan da yawa daga cikin waɗannan mutanen ƙibar ce ma ta kashe musu hanta tun farko. Hantar da za a ba su ta wani mamaci ce, akwai dubban masu jiranta, babu mai son a saka ta inda za ta bi sawun wadda aka cire.

Wannan ciwo, wato kitsen hanta, ba baƙo ba ne a Mayo. A can ne a 1980 likita Jurgen Ludwig da abokan aikinsa suka bayyana lamarin mutum 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya giya sak idan an duba ta a madubin gwaji, alhali ba sa sha. Yawancinsu mata ne masu jiki, wasu da ciwon sukari. Kafin nan irin waɗannan majinyata sukan sha tuhuma a wurin likita, a yi ta matsa musu su amsa cewa suna sha a ɓoye. Yau an san cewa idan kitse ya taru a fiye da kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin hanta, an shiga ciwon. A wasu kitsen yakan zauna lafiya lau shekara da shekaru. A wasu kuma yakan jawo kumburi, kumburi ya bar tabo, tabo ya yi ta haɗuwa har hanta ta taurare ta ƙanƙance, abin da likitoci ke kira sirosis. Tun da sababbin magungunan ciwon hanta nau'in C suka fito daga ƙarshen 2013 suka rage masu wannan larurar a layin dashe, kitsen hanta ya hau sahun gaba cikin dalilan dashe a Amurka, kafaɗa da kafaɗa da giya.

Yadda aka rabu gida biyu

Mutum 37 sun cika sharaɗin. Sun rage nauyi, ma'auninsu ya sauko ƙasa da 35, aka yi musu dashe kamar kowa. Wasu kuma suka kasa. Ko dai ƙibar ta yi yawa, ko ciwon ya ci ƙarfinsu ba sa iya ko tafiya, ko hantar tana lalacewa da saurin da ba za a iya jira ba. A da irin waɗannan sukan mutu ne a kan layi, ko a cire sunansu.

Daga 2009 likitar tiyata Julie Heimbach da tawagarta suka gwada wata hanya ga rukunin da ya kasa. Bayan an gama ɗinke sabuwar hantar, tun ciki yana buɗe, sai a yanke mafi yawan tumbin majinyacin, wajen kashi uku cikin huɗu ko fiye, a bar siririn bututu. Mai irin wannan tumbi loma kaɗan ke ƙosar da shi, kuma ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa. Akwai wata tiyatar rage ƙiba da ta fi wannan daɗewa, wadda ake karkatar da abinci ya tsallake wani sashe na hanji, amma an kauce mata da gangan. Mai dashe zai sha maganin hana jiki ƙin hantar har ƙarshen rayuwarsa, ba a son abin da zai hana hanji tsotse maganin. Bututun maɗaci kuma shi ne wurin da ya fi kawo matsala bayan dashe, yakan tsuke ko ya yi yoyo, kuma ta baki ake zura na'ura a gyara shi. Idan aka karkatar da hanji wannan hanyar ta toshe.

Mutum 7 aka fara yi wa haka, ma'auninsu a lokacin aiki wajen 48. Ga mai tsawon da muka ambata, kusan kilo 139.

Rahoton da tawagar ta fitar a 2013 ya ba mutane mamaki. Cikin waɗanda suka rage nauyi da kansu, uku sun rasu, uku sun rasa hantar da aka dasa musu. Cikin 34 da aka bi diddiginsu, 21 sun koma sama da 35 ɗin da suka sha wuyar saukowa daga gare shi. Mutum 12 sun kamu da ciwon sukari bayan dashen, an ga kitse a sabuwar hantar mutum 7. A ɗaya ɓangaren, cikin bakwai ɗin da aka yanke wa tumbi babu wanda ya rasu, babu wanda ya rasa hanta, babu sabon ciwon sukari, babu kitse a hanta, ma'auninsu kuma ya sauko zuwa 29. Ɗaya ya samu yoyo a ɗinkin tumbi, ɗaya ramarsa ta wuce yadda ake so.

A 2018 suka sake duba lamarin bayan adadin ya ƙaru. Bayan shekara uku da dashe, duk waɗanda aka haɗa wa tiyata biyun sun riƙe ragin da ya wuce kashi 10 na nauyinsu. A cikin waɗanda suka dogara da abinci da motsa jiki kaɗai, ƙasa da ɗaya cikin uku ne suka riƙe.

Wato waɗanda suka ci jarrabawar su suka dawo gidan jiya, waɗanda suka faɗi kuma su suka fi amfana. Kafin a ɗauki wannan da zafi, a tuna cewa mutum bakwai ba yawa ba ne, kuma ba ƙuri'a aka yi wajen raba su ba. Duk da haka bambancin ya yi girman da ba za a ce dace ba ne, kuma abin da ya fi jan hankalina ba nasarar wuƙar ba ce. Mutum 21 ɗin nan ne. Mutanen da suka iya hana kansu abinci suna fama da ciwon ajali ba ragwaye ba ne. To me ya same su bayan sun samu lafiya?

Abin da sikeli bai faɗa ba

A fara da kilon da suka zubar kafin aiki. Mai sirosis jikinsa yana tara ruwa, a ciki da ƙafafu, wani lokaci lita goma ko fiye. Idan aka ba shi maganin fitsari ko aka zuƙe ruwan da allura, sikeli zai nuna ya ragu, kitsensa kuwa yana nan. Sannan akwai tsoka. Lafiyayyar hanta tana ajiye sukari na ko-ta-kwana wanda jiki ke ci da dare. Taurarriyar hanta ba ta da wannan rumbu, don haka barcin dare ɗaya a wurin mai sirosis daidai yake da yunwar kwana biyu ko uku a wurin mai lafiya, jiki sai ya juya kan tsokarsa yana narkar da ita. Sinadarin amoniya da hantar ta kasa tacewa shi ma yana hana tsoka ginuwa. Idan aka rage wa irin wannan mutum abinci, wani kaso na abin da zai zube naman jikinsa ne. Ma'aunin BMI nauyi kawai yake raba wa tsawo, bai san ruwa ba, bai san kitse ba, bai san tsoka ba.

Shi ya sa yanzu cibiyoyin dashe da yawa suke auna tsoka da hoton siti sikan, a daidai ƙashin baya na uku na ƙugu, inda faɗin naman da ke wurin ke nuna yawan tsokar jiki duka. Da wannan hoton ake gano mutumin da a ido ƙato ne, a ciki kuwa ramamme: teɓa a gaba, kitse ya cika tsakanin hanji, tsokar baya ta sirance har kitse ya ratsa ta.

Bayan dashe sai abubuwa su haɗu masa a lokaci guda. Ɗanɗano ya dawo, tashin zuciya ya tafi, ruwan da ke danne tumbi babu shi. An ɗage dokar gishiri da sauran hane-hanen shekaru. Ana ba shi sitiroyid, firedinisolon, wanda ke buɗe ciki, ya tara kitse a tumbi da wuya, ya sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Ana ba shi takrolimus, ginshiƙin magungunan hana jiki ƙin dashe tun shekarun 1990, wanda ke raunana ƙwayoyin da ke samar da insulin ɗin. Wanda aka ba saikulosiforin a maimakonsa yakan gamu da hawan jini da yawan maiƙo a jini, sirolimus, wani maganin hana ƙin dashen, shi ma yana ɗaga maiƙon. Ga ɗinki a ciki da aka ce kada ya ɗauki kaya mai nauyi na wasu watanni, ga tsoro. Mutum ya zauna, ya ci, kowa na murna.

Wani bincike a Birmingham ta Ingila da aka wallafa a 2005, kan masu dashe kusan 600, ya samu ƙarin kilo 5 a shekarar farko, kusan kilo 10 a shekara ta uku, lokacin da kusan ɗaya cikin uku ya shiga sahun masu ƙiba. Yawancin ƙarin bayan wata shida na farko yake zuwa, daidai lokacin da zuwa asibiti ya fara raguwa.

Da a ce nama ne yake dawowa, da babu damuwa. Hotunan siti da aka kwatanta kafin dashe da bayansa, kamar waɗanda masu bincike na asibitin Cleveland suka duba, sun nuna cewa a mutane da yawa tsoka ba ta dawowa, a wasu ma ƙara raguwa take, har waɗanda suka shiga aiki da tsokarsu lafiya. Magungunan hana ƙin dashen suna da hannu a nan ma, domin suna taɓa hanyoyin da tsoka ke bi ta ginu. Kitse ne ke cike gurbin.

Muhimmancin wannan ga hanta kai tsaye ne. Bayan cin abinci, tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da insulin ke turawa daga jini, kusan kashi 80 a gwaje-gwajen da aka yi. Mai ƙarancin tsoka ba shi da inda zai sauke wannan kaya, sai ya nufi hanta, ita kuma ta mayar da shi kitse. An dasa sabon tsiro ne a ƙasar da ta kashe na farko, ba a taɓa ƙasar ba.

Daga ina kitsen yake zuwa

Yawancin mutane idan aka ce musu hantarsu ta yi kitse, mai suke fara ragewa a miya. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minnesota, aka wallafa a 2005, ya bi sawun kitsen da ke hantar masu wannan ciwo don a ga asalinsa. Kashi 59 daga kitsen jikin mutum ya kwararo ta jini, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da sitaci, kashi 15 kacal ya fito daga man da aka ci. Ba a kan masu dashe aka yi gwajin ba, amma sabuwar hanta aikin hanta take yi. Ma'anarsa ita ce teɓar da ke ciki ita ce babbar mai ciyar da hanta kitse, sai abin zaƙi da gari. Sukarin furuktos, wanda shi ne rabin sukarin shayi kuma ya cika lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali, hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa yawancinsa.

A nan ne nake ganin shawarar abinci take yin tuntuɓe, ba a Mayo kaɗai ba. Kafin dashe ana gaya wa majinyaci ya ci sau da yawa, kada ya kwana da yunwa, ya ci wani abu kafin barci, ya samu furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa. A makonnin farko bayan aiki ana ƙara matsa masa ya ci don rauni ya warke. Duk daidai ne. Amma bayan wata uku zuwa shida buƙatar ta juya: furotin ya tsaya yadda yake, sukari da sitaci su sauka, a fara ɗaga nauyi da tafiya don a gina tsoka. Sau da yawa babu wanda ke zaunar da majinyaci ya ce masa doka ta canza. A asibiti hankali yana kan adadin takrolimus a jini, da ƙoda, da alamun ƙin dashe. Shi kuma yana ci gaba da bin umarnin da ya cece shi bara.

Shin kitsen yana kashe sabuwar hantar?

Amsar ba ta miƙe kamar yadda mai son tsoratarwa zai so ba. A Lyon ta Faransa, binciken 2010 kan masu dashe 421 ya samu kitse a hantar kashi 31 cikin ɗari, kuma waɗannan mutane ne da aka yi wa dashe saboda cututtuka iri-iri. Mayo ɗin ma ta duba nata majinyatan, sama da 500, ta fitar da sakamako a 2019: bayan shekara goma, kusan kashi 78 na waɗanda kitse ya kai su ga dashe ya dawo musu, kusan kashi 45 na sauran kuma ya same su sabo. Amma binciken bai ga cewa kitsen da ke sabuwar hantar, shi kaɗai, ya rage wa mutane tsawon rai ba. Kaɗan ne ke rasa hantar saboda shi, kodayake a waɗanda ciwon ya dawo musu tabo yakan yi saurin taruwa fiye da yadda ya yi a karon farko.

Abin da ke ɗaukar masu dashe bayan shekaru, idan ba hantar ba, shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ciwon daji, da lalacewar ƙoda. A ganina haka ya kamata a karanta kitsen hanta bayan dashe: shaida ce cewa sukari, hawan jini da maiƙon jini sun riga sun fara aiki a jijiyoyi. Likitan da ya ga kitsen ya ce ba zai kashe hantar ba, ya wuce, ya faɗi gaskiya, amma ya bar majinyacinsa da abin da zai kai shi sashen zuciya.

Kuma ba ya nuna kansa da wuri. Gwajin jinin hanta da ake yi duk wata yakan fito lafiya lau alhali kitsen yana nan. Sai an yi hoton ciki, ko na'urar FibroScan mai auna tauri da kitse, ko a ɗebo ɗan ƙanƙanin naman hantar da allura. Gado ma yana da nasa rabo. Wani nau'in ƙwayar halitta mai suna PNPLA3, wanda aka gano alaƙarsa da kitsen hanta a 2008, yana ƙara haɗarin.

Lamarin ya shafi namu mutanen ta wata fuska. Masu zuwa Indiya ko Masar daga Najeriya don dashen hanta, yawanci ɗa ko ƙane ne ke ba su wani yanki na tasa, kuma galibi ciwon hanta nau'in B ne ya kai su, ba ƙiba ba. Sai a ɗauka wannan magana ba tasu ba ce. Alƙaluman Lyon da na Mayo sun nuna akasin haka, tunda magungunan iri ɗaya ne, ramar tsokar ma iri ɗaya ce. Ga shi kuma a wurinmu ƙiba bayan jinya albishir ce. Mutum ya dawo daga waje, 'yan dubiya suna shigowa da kwanon farfesu, da fura mai sukari, da katan na lemo, da zuma wai ai magani ce. Bayan wata shida a ce, "Masha Allah, Alhaji, jiki ya dawo." Uwargida ta ji daɗi, an yaba hidimarta. Wa zai iya ce mata ta rage malmalar tuwo? Igiyar awon tela a daidai cibiya, da awon sukari, da duba ko mutum yana iya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa hannu ba, za su faɗi abin da sikeli da idon 'yan uwa ba za su faɗa ba, kuma ba sa buƙatar komawa Delhi.

Rage nauyi ta hanyar abinci yana aiki idan an samu. A Havana ta ƙasar Kuba an bi masu kitsen hanta 293 na shekara guda, ba masu dashe ba, aka duba hantarsu kafin da bayan. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 na nauyinsu ko fiye, kumburin ya tafi a kashi 90, tabo ya ragu a kashi 45. Sai dai mutum ɗaya cikin goma ne ya kai wannan ragin. Wannan shi ne bangon da mutum 21 na Mayo suka yi karo da shi, su kuma da sitiroyid da takrolimus a jikinsu. Magungunan rage ƙiba na allura irin su semagulutayid sun shigo fagen, wasu cibiyoyin dashe suna ba majinyatansu masu ciwon sukari, kuma a watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko da aka yi don kumburin kitsen hanta mai tabo, bisa gwajin da aka yi a kan waɗanda ba masu dashe ba.

Tiyatar tumbin ita ma ba kyauta ba ce. Yoyon ɗinki a jikin da aka danne wa garkuwa yana iya zama ajali. Ƙwannafi yakan addabi wasu har abada. Aikin yana buƙatar likitan dashe da likitan tiyatar ƙiba a ɗaki ɗaya, a kowace sa'a aka samu hanta, ko da tsakar dare ne, abin da cibiyoyi kaɗan ke iyawa. Sannan nauyin da ke zuba bayan yanke tumbi ba kitse zalla ba ne, da tsoka a ciki, a jikin da dama bai da ita. Shi ya sa ake umartar wanda aka yi wa aikin ya fara da nama, kifi, ƙwai ko wake a kowane zama kafin ya taɓa shinkafa ko burodi, tunda 'yan lomomi ne za su shiga, kuma ya riƙa shan ƙarin bitamin B12 da sinadarin ƙarfen jini, ana auna su tare da takrolimus ɗinsa.